DAGA ƘAURAN NAMODA ZUWA TSIBIRIN GBEREFU

Ina so yau in ba masu karatun wannan fili labarin wani yini guda da muka yi a bakin teku, ni da maiɗakina da surukanmu. Ba al'adata ba ce in cika fili da zancen gidana. Amma abin da na gani, da wanda na ji a wannan yini, ya shafi mai rumfa a kasuwar Shinkafi, ya kuma shafi ma'aikacin da ke karɓar albashi a Ƙaura ko Zurmi, saboda haka ban ga dalilin ɓoye shi ba.

Asalin tafiyar suna ne. 'Yata ta fari tana aure a Agege, cikin Ikko, wurin ɗan wani Alhaji mutumin Shinkafi wanda ya shekara fiye da talatin yana fataucin shanu da albasa zuwa Kudu. Bisa al'ada haihuwar fari gida ake komowa a yi ta, a yi wankan jego a gaban uwa. To, da muka dubi halin da hanya take ciki, sai muka ga bai kamata a ɗora mai ciki a mota a ratsa da ita dazuzzukan da ke tsakaninmu da Funtuwa ba, gara mu manya mu ɗauki kasadar. Iyayenmu a jirgin ƙasa suke yin wannan tafiya, gama tun 1929 dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya, nan ne kuma ƙarshensa. Gyaɗa da auduga da fatu su gangara, goro da gishiri da atamfa su hauro. Mu kuwa a mota muka yi ta, kwana biyu, kowa da carbinsa a hannu.

Bayan suna da kwana uku Alhaji ya same ni da shawara, ya ce, “Malam, ba za ka koma ba ka ga ruwa ba. Gobe mu tafi Badagiri.” Na so in kawo uzuri, sai ya rage murya ya ce ba domina kaɗai ba ne, domin ƙanensa ne. Wannan ƙane nasa, wanda yaran gidan ke kira Baffa, manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Zurmi. 'Yan bindiga sun ɗauke shi a gonarsa ana cikin girbin gero, ya yi wata biyu a hannunsu, sai da Alhaji ya sayar da shanun da ya tara don kasuwar Sallah sa'an nan aka sako shi. Aka kawo shi Agege don magani. Ciwon ƙafa ya warke, amma magana ta ƙi dawowa. In an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Alhaji yana ganin wataƙila iskar teku ta buɗe masa ƙirji. Na ce to, Allah ya sa.

Mu takwas muka fita bayan sallar asuba: ni da maiɗakina, Alhaji da Hajiyarsa, mijin 'yata yana tuƙi, Baffa, da jikokin Alhaji biyu. Mai jego tana gida. Badagiri tana yamma da Ikko, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, gari ne na mutanen Ogu, waɗanda ake ce wa Egun. An nuna mana gidan benen da mishan suka gama ginawa a 1845, wanda mutanen garin ke alfahari da shi, da ofishin jami'in mulkin Turawa na 1863 da aka mayar gidan tarihi. Waɗannan ban daɗe a kansu ba.

Abin da ya tsai da ni shi ne sunan Kyaftin Clapperton. Wannan Bature daga Badagiri ya tashi a ƙarshen 1825, ya bi ta ƙasar Yarabawa da Busa da Kano har Sakkwato, inda ajali ya same shi a 1827. Kafin nan, a 1824, ya riga ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta hanyar Barno da Kano, ya kuwa ratsa ta Zurmi, har ya rubuta cewa garin mafaka ne ga bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. Watau dai hanyar da ke tsakanin wannan bakin ruwa da ƙofar gidanmu tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi dogo da kwalta. Wanda ya iya hawa ta da jakuna, wani ya iya gangara ta da mutane.

Daga nan aka kai mu gidan Sariki Williams Abass. Masu rakiya suna cewa shi kansa an taɓa bautar da shi tun yana yaro, ya koyi harsunan Turawa a hannun ubangidansa, daga baya ya zama dillalin bayi ga fataken Burazil. Musulmi ne, har ya zama shugaban Musulmin Badagiri, ya rasu a 1919, kabarinsa yana cikin gidan. A kewayen tsakar gidan akwai ƙananan ɗakuna, kowanne da 'yar taga ɗaya can sama, inda aka ce nan ake tsare mutane kafin jirgi ya iso. Mai rakiya ya nuna mana wata tsohuwar laima, ya ce mutum arba'in aka bayar a kanta. Ni dai na san bakin mai rakiya ba littafi ba ne, kuma kowace sana'a tana da gishirinta. Amma ɗakunan ga su nan, na shiga ɗaya na miƙa hannuwana. Al'amarin mai gidan yana wurin Ubangijinsa, ba ni da iko a kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa Bature yana cikin jirginsa a kan ruwa, wanda ke tara mutanen a tudu kuwa ɗan gari ne, yana kuma fuskantar alƙibla sau biyar.

A wani ɗakin adana kayan tarihi da ke kusa aka fito mana da sarƙoƙi da maruruwa. Mai rakiya yana ɗora wa baƙi sarƙar wuya don su ji nauyinta, yara suna dariya, ana ɗaukar hoto. Ya ɗauko wani mari na ƙafa yana ta juya shi, yana neman yadda zai nuna mana yadda ake kulle shi, ya kasa. Sai Baffa ya miƙa hannu ya karɓa. Ya tsuguna, ya jera zobban biyu, ya zura sandan ƙarfen ta cikinsu, ya nuna inda ake dakan bakinsa don kada ya zare. Sa'an nan ya ɗago ya dube ni ya ce, “Malam, wagga irin wadda anka sa muna ta. Mutum biyu, ƙahwa guda guda. Sai dai tasu ta hi nauyi.”

Mai rakiya bai ji Hausa ba, ya yi ta yaba masa. Hajiya ta ja mayafinta ta fita waje. Wannan ce magana mafi tsawo da Baffa ya yi tun da aka kawo shi Agege.

Tsakanin garin da teku akwai wani reshen ruwa mai kwanciya, a ƙetarensa kuma wani siririn tsibiri da ake kira Gberefu. Sai an shiga kwalekwale mai inji. A nan ne surukuta ta gamu da gamonta. Mijin 'yata, yaro mai kunya, shekara biyu ke nan bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa zama a tabarmar da nake ba. Mai jirgi kuwa bai san wannan ba, nauyi yake aunawa. Ya zaunar da mu gwiwa da gwiwa, ya ɗaura mana rigunan nan masu hana nutsewa a kan manyan rigunanmu, ya sa maiɗakina a bayan Alhaji. Yaron ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya kafa shi a kan ruwa. Da jirgin ya ɗan karkata kuwa, ni ne na fara cafke hannunsa. Mutumin da ya girma a bakin gulbin Gagare, wanda da rani yara ke ƙwallo a cikinsa, ba a zarginsa in ya ji tsoron ruwan da ba ya ƙafewa. Kunya dai tana cikin imani, ina kuma yaba wa yaron da ita, amma na lura tun daga ranar ya fara iya tambayata mas'ala ba tare da ya aiko matarsa ba, ban kuwa ga abin da addini ya rasa da haka ba.

Daga inda jirgi ya sauke mu sai tafiyar ƙasa cikin rairayi, a tsakanin itatuwan kwakwar Attagara, kimanin rabin sa'a ga mai tafiya da mata da yara. Wannan ita ce hanyar da aka ce ana bi da bayi zuwa gaɓar teku. A tsakiyarta akwai wata rijiya da ake cewa an yi mata asiri, duk bawan da aka shayar daga cikinta sai ya manta gida. Na gaya wa yara wannan tatsuniya ce, babu ruwan da ke shafe wa mutum sunan uwarsa. Hujjata kuwa tana cikin tarihi, gama waɗanda aka ƙetarar ba su manta ba. A Bahiya ta ƙasar Burazil, Hausawa bayi sun ƙulla tawaye a 1807, sun kuma sake tashi a shekarun da suka biyo baya. A watan Janairu na 1835, cikin goman ƙarshe na Ramalana, Musulmin birnin Salbado, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito da fararen riguna suka yi yaƙi a titunan birnin. Da aka murƙushe su, 'yan sanda sun sami takardu da layu rubuce da Larabci a jikin gawarwaki da cikin ɗakunansu, wasu suna ajiye har yau. Almajirai ne irin namu, da rubutu irin na allunanmu.

Yaya aka yi almajiri ya kai Burazil? Muna tafe ina juya wannan a zuciyata. Shekarun nan su ne shekarun yaƙe-yaƙe a ƙasarmu, tun daga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804 har faɗuwar Alkalawa a 1808, yaƙin da Namoda na Alibawa, wanda garinmu ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororinsa. Yaƙi kuwa ba ya rasa kamammu ta kowane ɓangare, kamamme kuma in ya shiga hannun fatake sai ya yi ta sauya hannu har ya ga ruwan da bai taɓa gani ba. Bai kamata mu ɗora wa Turawa kaɗai wannan kaya ba. Bauta ta zauna a ƙasarmu, ba a kuma soke ta a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai 1936.

Amma malamanmu ba su yi shiru a kan sayar da ɗa ba. Wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'irajus Su'udi, yana amsa tambayar mutanen Tuwat, ya bayyana cewa baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Barno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Shehu, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, ya sanya haramcin bautar da 'ya'ya Musulmi cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan. Kada kuma mu manta abin da ya kunna wutar jihadin: rundunar Gobir ce ta kamo mutanen Gimbana, jama'ar Malam Abdussalami, ta biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Muhammadu Bello kuma, a takardar da ya ba Clapperton a 1824 zuwa ga Sarkin Ingila, ya yarda zai hana fatakensa kai bayi Attagara da Dahome da Asante. Tushen duk wannan hadisin nan ne na Buhari, inda Allah ya ambaci mutum uku da shi da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗayansu wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Wanda ya kama manomi a gonarsa, ya sa masa mari, ya yanka masa farashi, ya ce a kawo kuɗi da babura da katin waya, me ya yi in ba wannan ba? Bambancin kawai shi ne danginsa yake sayar wa.

Tun kafin mu ga teku muka ji ta. Da muka hau tudun rairayi na ƙarshe, sai ga ta nan, ba gaɓa a gaba, tana tasowa tana faɗuwa da ƙara kamar aradu mai nisa. An gina wata alama a wurin don tunawa da waɗanda aka wuce da su, ana kiran wurin da sunan da ke nufin inda ba a komowa. Maiɗakina ta yi ta salati. Yara suka ruga, Hajiya tana kwaɗa musu kira.

Shekara talatin ke nan ina karantar da Muwaɗɗa ta Imamu Malik a zaure, kowace shekara kuma sai na bi ta kan hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da alwala da ruwan teku, aka ba shi amsa cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Ina fassara shi ga almajiran da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan gari ba, ni kaina kuma Bahar Maliya kawai na taɓa hanga ta tagar jirgin alhazai. Ran nan na naɗe hannun riga na yi alwala da shi. Da na kurkure baki na gane dalilin tambayar wancan sahabi, gama wanda ya ɗanɗana wannan gishiri dole ya yi shakka. Muka yi azahar a kan rairayi, raka'a huɗu cikakku, domin na yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu a Agege, tsakanin Agege da nan kuma bai kai mil 48 da malamanmu suka gindaya wa ƙasaru ba.

Mata suka koma gefe da yara suka buɗe kwanonin abinci, mijin 'yata ya sami dalilin zuwa sayen kwakwa. Muka saura mu uku. Sai Alhaji ya yi mini tambayar da na tabbata ita ce ta sa ya kawo ni nan. Ya ce, “Malam, kuɗin da na biya na fanso shi, ina iya lissafa su cikin zakkata ta bana? Wallahi ba abin da ya rage.”

Na gaya masa abin da na sani. Fansar Musulmin da ke hannun maƙiya wajibi ce a mazhabarmu, ana fara ta daga baitulmali, in babu sai ta koma kan dukiyar Musulmi baki ɗaya, ba kan ɗan'uwansa shi kaɗai ba. Game da zakka kuwa, cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta lissafa akwai na 'yanta wuyaye. Ibnul Ƙasim da Asbagu sun tafi a kan cewa wannan kashi na sayen bawa ne a 'yanta shi, ba a fansar kamamme da shi, wannan ne kuma mashhuri. Ibnu Habib ya halatta, hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce: in an yarda a kwance wuyan da ke hannun Musulmi, wanda ke hannun azzalumi ya fi cancanta. Ni ina karkata ga Ibnu Habib a wannan zamani da babu bawan da za a saya. Sai dai na ce masa zakka tana bukatar niyya a lokacin fitarwa, shi kuwa sa'ad da ya biya bai yi niyyar zakka ba, saboda haka abin da ya wuce sadaka ce da sada zumunci, ladansa yana wurin Allah. In kuma dukiyar ta faɗi ƙasa da nisabi kafin shekara ta cika, ai babu zakkar ma a kansa. Ban ɓoye masa ɗaya gefen ba: kowace fansa tana saya musu harsashi, ba kuwa kullum take dawo da mutum ba. A watan Yuli na 2025 mutanen Banga, a ƙasar Ƙauranmu, sun biya, aka kuma kashe musu fiye da mutum 30 cikin waɗanda ke tsare. Amma ban iya cewa da mutum ya bar ƙanensa a cikin mari ba, ban kuma san malamin da zai iya ba.

Baffa yana jin mu, yana wasa da rairayi. Can sai ya ce, ba tare da ya dube mu ba, “Su ba su noma, ba su zuwa kasuwa. Amma kullum da burodi sabo, da mai, da lemu mai sanyi. Wanda ka kawo musu, na san shi. Mun yi sahu guda da shi ran Juma'a.”

To, jama'a, ga inda zancen ya iso gare mu. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, aka yanke layukan waya, aka hana sayar da mai a jarka, duk don a toshe wannan kafa. Talakawa suka sha wuya, kafar kuwa ba ta toshu ba, domin ba doka ce ta buɗe ta ba, kwaɗayi ne. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, sun hana sayar da makami ga ɗan fashi, ko da kuwa inabi da ƙarfe halal ne a kan kansu. Haka hukuncin yake ga man fetur da babur da buhun shinkafa in mai sayarwa ya san inda za su. Wanda ya sayi saniya a rabin kuɗinta, ya ga alamar da ke jikinta, ya ƙi tambaya, ya san abin da ya saya. Ma'aikacin da aka ba amanar shinge ya karɓi na goro ya ɗaga sanda, da wanda ya san ranar da aka biya wani kuɗin sallama ya kai labari daji, da mai karɓar ajiyar kuɗin da ya san na fansa ne, duk suna da rabo a cikin ƙarfen da Baffa ya nuna mana. Ayar hiraba da ke cikin Suratul Ma'ida ta yi tsanani ƙwarai, Imamu Malik kuma yana ganin mai taimaka wa ɗan fashi hukuncinsu ɗaya da wanda ya ɗauki makamin. Na san akwai wanda aka tilasta, aka ce ya kawo ko a ƙone garinsu. Wannan hukuncinsa dabam ne, Allah kuma ya san shi. Da mai neman riba nake.

Muka ƙetaro kafin la'asar. A wannan karo ban kama hannun kowa ba. Ƙaramin jikan Alhaji ya cika gorar roba da ruwan teku wai zai kai wa mai jego ta gani, ya yi barci da ita a ƙirji tun kafin mu fita Badagiri.

Daren da za mu taso, Baffa ya same ni a ɗakin baƙi. Ya ce sa'ad da aka sako shi ya baro mutum biyu, ɗaya shi ne wanda suka yi tarayya a mari guda, ɗayan wani yaro ne mai tallan rake daga wajen Shinkafi. Ya faɗa mini sunayensu da na iyayensu, ya roƙe ni in sa almajirai su riƙa ambatonsu bayan darasi. Na rubuta su a bangon Muwaɗɗata. Abokin marin nasa an sako shi bayan komowarmu da mako uku, na je na gaishe shi a asibiti. Yaron kuwa, har ranar da nake wannan rubutu, ba a ji labarinsa ba.